Gatse a Cikin Tsofaffin Waƙoƙi: Misalai daga Sakkwato da Ƙasar Jojiya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibi mai nazarin rubutacciyar waƙa yakan gane kamantawa da siffantawa da kambamawa ba tare da wata wahala ba, domin kowannensu yana da alamar da ido ke gani a kan takarda. Kalmomi irin su "kamar" da "tamkar" da "ya fi" su ne ke tona asirin kamantawa. Gatse kuwa ba shi da irin wannan alama. Kalmominsa lafiya lau suke, ma'anarsa ce a juye. Wannan ne ya sa ya fi kowane adon harshe saurin kuɓuce wa mai karatu, musamman a cikin tsofaffin waƙoƙi waɗanda ake karantawa cikin girmamawa, har a ɗauka cewa marubutansu ba su san juya magana ba. Malamin da gatse ya kuɓuce masa zai koyar da kishiyar abin da mawaƙi ya nufa, yana kuma tsammanin ya yi daidai.

Wannan babi zai yi bayanin ma'anar gatse da ire-irensa, sannan ya duba yadda ya yi aiki a cikin wasu waƙoƙin masu jihadin Sakkwato na ƙarni na 19. Daga nan za a kwatanta da wata doguwar waƙar jarumta ta ƙasar Jojiya wadda ta girme su da kimanin shekara 600, domin a ga cewa mawaƙan da ke zaune kusa da masu mulki sun daɗe suna amfani da wannan dabara wajen faɗin gaskiyar da ke da nauyin faɗa.

2.0 Ma'anar Gatse da Danginsa

Gatse shi ne a faɗi magana alhali kishiyarta ake nufi, tare da sa ran mai sauraro zai gane. Uwar da ɗanta ya fasa mata tukunya ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki, ka kyauta," ba gode masa take yi ba. Haka fasinjan da ɗan kabu-kabu ya ɗauko a Titin Sama cikin Sakkwato yana ta sheƙa gudu da shi, in ya ce, "Malam, ƙara wuta mana, ai gadon asibiti na jiranmu," roƙo yake yi a rage gudu. Idan ɗan kabu-kabun ya ƙara wutar, to gatsen ya faɗi ƙasa, kuma abin da zai biyo baya ba mai daɗi ba ne. Ke nan gatse yana buƙatar abu uku: furucin da aka yi, da nufin da aka ɓoye, da kuma mai sauraron da zai iya raba tsakaninsu.

Wajibi ne a bambance gatse da danginsa. Zambo muzantawa ce kai tsaye, inda ake siffanta mutum da abin da zai sa a yi masa dariya. Habaici kuwa magana ce wadda ake sakaya sunan wanda ake yi da shi, a bar shi ya tsargu da kansa, kamar yadda Hausawa ke cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. A taƙaice, habaici mutum yake ɓoyewa, gatse kuma ma'ana yake ɓoyewa. Mawaƙi yana iya haɗa su duka a baiti guda.

2.1 Ire-iren Gatse

Domin sauƙin nazari, ana iya kasa gatse gida uku:

(a) Gatsen furuci: shi ne wanda ke cikin maganar kanta, irin misalai biyu da suka gabata.

(b) Gatsen al'amari: shi ne inda sakamakon abu ya zo a kishiyar abin da aka shirya ko aka zata. Karin maganar nan da ke cewa ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa, wannan nau'in take bayyanawa. Haka ma "wanzami ba ya son jarfa."

(c) Gatsen rashin sani: shi ne inda mai karatu ya san wani abu wanda ɗan cikin labari bai sani ba, sai maganar ɗan labarin ta ɗauki ma'ana biyu, ɗaya gare shi, ɗaya ga mai karatu. A tatsuniya, duk lokacin da Kura ke yi wa Gizo godiya alhali yara masu sauraro sun san ramin da ya haƙa mata, wannan nau'in ne ke sa su dariya.

A dogayen waƙoƙi, nau'i na biyu da na uku sun fi yawa, kuma su ne suka fi wuyar ganewa, saboda ba a cikin ɗango guda suke zaune ba. Sai an riƙe farkon waƙa a zuciya, wani lokaci har da tarihin da ya haife ta, kafin a ga inda al'amari ya juye.

3.0 Gatse a Waƙoƙin Masu Jihadi

3.1 Tabkin Kwatto

A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A watan Yuni na wannan shekara rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta yi karo da jama'ar Shehu a Tabkin Kwatto, ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Gobirawa suna da dawaki da 'yan lifida da mataimaka daga Azbinawa. Jama'a kuwa mafi yawansu 'yan ƙasa ne masu kwari da baka, dawakinsu ba su taka kara sun karya ba. Duk da haka rundunar Gobir ce ta watse, Yunfa ya tsere, aka bar kaya a fagen fama.

Malam Abdullahi ya waƙe wannan nasara da Larabci, ya kuma sanya waƙar a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa tare da bayanin dalilin kowace. Gatsen da ke cikin labarin Kwatto na al'amari ne, kuma mai sauƙin gani: mai doki ya gudu a gaban mai tafiya ƙasa, kayan da aka kawo domin nuna isa suka zama ganima. Abin lura a nan shi ne matsayin doki. A Kwatto, doki da ado alamomi ne na ɓangaren da ya dogara da ƙarfin duniya ya sha kashi. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan, domin doki zai sake dawowa.

3.2 Waƙar Barin Runduna

Wajajen shekarar 1807, kafin a ci birnin Alƙalawa a 1808, Malam Abdullahi ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Manyan abokansa malamai da yawa sun riga sun yi shahada, musamman a yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa, kuma halin da ya ga waɗanda suka rage suna ciki bai gamshe shi ba. Tafiyar ta tsaya a Kano, inda mutanen garin suka roƙe shi ya zauna, ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen mulki, kafin ya komo gida.

Waƙar da ya yi game da wannan tafiya, ita ma tana cikin Tazyinul Waraƙati. A cikinta ya zargi wasu daga cikin mutanen ɓangarensa da neman muƙami da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado, da karɓar rashawa, da naɗa jahilai a manyan matsayi, da komawa ga kaɗe-kaɗe da bushe-bushen sarauta. Mafi yawan wannan zargi ne a fili, ba gatse ba. Amma a tsakiyarsa akwai hoton dawakin da ake sukuwa da su a cikin gari maimakon fagen daga. Mawaƙin bai ce wa kowa matsoraci ba. Doki kawai ya ajiye a wurin da ba nasa ba, ya bar mai karatu ya yanke hukunci. Sukuwa aikin jarumi ce, amma sukuwa a tsakanin gidaje, inda babu maƙiyi sai mata da yara masu kallo, jarumta ce wadda aka juye.

Babban gatsen yana fitowa ne idan aka ajiye wannan waƙa kusa da ta Kwatto. Dokin da ya zama alamar Gobirawa masu gudu a 1804, shi ne ya zama abin alfaharin masu nasara bayan shekara uku kacal. Bugu da ƙari, a cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa ɗabi'un sarakunan da aka yaƙa, irin su karɓar gaisuwa da ɗora haraji ba bisa ƙa'ida ba da shagala da ado. Wanda ya san wannan jeri zai ga cewa kusan shi ne Malam Abdullahi ya sake lissafawa, sai dai a wannan karo a kan 'yan gida. An kori hali ta ƙofa ya dawo ta taga. Mai karatun da bai san tarihin ba zai iya ɗauka cewa da Gobirawa ake, ya wuce abin da ya fi komai muhimmanci a waƙar.

3.3 Tabban Haƙiƙa

Misali na uku da Hausa yake. Shehu ne ya tsara Tabban Haƙiƙa da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta mayar da ita Hausa wajajen 1831, sannan ƙanenta Isan Kware ya yi mata tahamisi. Waƙar wa'azi ce ga masu mulki da alƙalai da talakawa baki ɗaya, kuma an yi ta ne bayan mulki ya riga ya dawo hannun jama'a, wato gargaɗin na cikin gida ne.

A fassarar Hausa an ci moriyar wata baiwa da harshen ke da ita, wato yalwar ma'anar aikatau "ci". Bahaushe yana cin abinci, yana cin sarauta, yana cin amana, yana cin zali, yana cin dukiyar maraya. Waƙar ta bi masu irin wannan ci, sannan ta juya aikatau ɗin a kansu, ta nuna cewa gobe wuta ce za ta ci su. Maciyi ya koma abin ci. Wannan gatsen al'amari ne wanda aka gina a kan kalma guda mai harafi biyu. A nahawu, wanda yake aikau a farkon magana shi ne ya koma karɓau a ƙarshenta, kuma wannan sauyin gurbi shi ne saƙon baki ɗaya.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Gargaɗin azaba da ke cikin waƙar ba gatse ba ne, domin mawaƙin abin da ya faɗa shi yake nufi, kuma amshin waƙar ma tabbatarwa yake yi. Gatsen yana cikin juyin da ya sami azzalumi ne kawai. Malamin da ya kasa raba waɗannan biyu zai rikita ɗalibansa.

4.0 Misali daga Ƙasar Jojiya

Jojiya ƙasa ce da ke gabashin Bahar Aswad, tana iyaka da Rasha da Turkiyya da Armeniya da Azarbaijan. Babbar waƙarsu ta gado ita ce wadda za a iya fassara sunanta da "Jarumi Mai Sanye da Fatar Damisa," ta Shota Rustabeli, wanda ya yi zamani da Sarauniya Tamar, wadda ta yi mulki daga 1184 zuwa 1213. Waƙar 'yar huɗu ce, baitocinta sun kai kimanin 1,600, kowane ɗango yana da gaɓa 16, kuma ɗangwayen kowane baiti amsa-amo ɗaya suke da shi. An fara buga ta a birnin Tibilisi a 1712.

Labarin ya shafi Abtandil, shugaban rundunar Sarkin Larabawa, wanda ke son Tinatin 'yar Sarki. Ita ce ta aike shi neman wani baƙon jarumi da aka gani yana kuka a bakin rafi sanye da fatar damisa. Jarumin shi ne Tariyel, mutumin Indiya, wanda masoyiyarsa Nestan-Darejan ta ɓace. Suka ƙulla abota, Abtandil ya ɗauki alkawarin nemo ta.

A gabatarwar waƙar, Rustabeli ya shimfiɗa sharuɗɗan masoyi na gaskiya, ya raba tsakanin so da fasiƙanci, ya kuma nuna cewa masoyi ba ya sauya abin sonsa. Kalmar da ya kira masoyin da ita, daga Larabci take, tushensu ɗaya da "majanuni" da Hausa ta ara. Wanda ya riƙe waɗannan sharuɗɗa shi ne zai ga gatsen da ke jiransa a gaba.

Neman Nestan ya kai Abtandil wani birnin 'yan kasuwa a bakin teku mai suna Gulansharo, inda ya shiga da shigar madugun fatake. Matar shugaban 'yan kasuwar garin, Fatman, ta kamu da sonsa, ta aika masa da wasiƙa. Ya amsa mata, ba don so ba, sai don yana zaton tana da labarin wadda yake nema. Ga gatsen rashin sani: Fatman tana murna ta sami masoyi, mai karatu kuwa ya san cewa mutumin ba falke ba ne, kuma zuciyarsa tana wajen Tinatin. Mawaƙin ya kwatanta lamarin da hankakan da ya sami fure ya ɗauki kansa tsuntsu mai daɗin kuka. Sai dai gatsen kaifi biyu gare shi, domin shi ma jarumin da aka gabatar a matsayin abin koyi ya taka sharuɗɗan da aka shimfiɗa tun farko, kuma mawaƙin bai ɓoye hakan ba.

Mijin Fatman, mai suna Usen, shi ma ya ba da nasa misalin. Fatman ce ta fara kuɓutar da Nestan daga hannun waɗanda suka ɗauko ta, ta ɓoye ta a gida. Kafin ta nuna wa mijinta ita, sai da ta sa shi ya yi rantsuwa mai tsanani cewa ba zai faɗa wa kowa ba. Da ya je fada wajen biki ya sha ya bugu, Sarki ya yaba masa kyautarsa, nan take ya fallasa asirin don neman ƙarin fada. Girman rantsuwar shi ne ma'aunin ƙanƙantar mai yin ta.

Babban gatsen wannan sashe na al'amari ne. Sarakuna da jarumai sun yi shekaru suna neman Nestan ba su ji ɗuriyarta ba. Matar da jarumi ke rena wa hali, ita ce ta ɓoye ta, ita ce ta ba ta doki ta gudu daga hannun Sarkin garin, kuma ta hanyarta aka gano kurkukun da take a ƙasar Kajawa. Soyayya mafi tsarki a waƙar ta kuɓuta ne ta hannun wadda aka fi zargi.

5.0 Abin da Ya Haɗa Misalan

Tsakanin Rustabeli da malaman Sakkwato akwai bambancin zamani da harshe da manufa. Shi labarin ƙirƙira ya tsara domin mutanen fada, su kuwa wa'azi da tarihi suka rubuta domin gyaran al'umma. Duk da haka abu biyu sun haɗa su.

Na farko, dukkansu sun fara kafa ma'auni ne, sannan suka auna nasu mutanen da shi. Rustabeli ya kafa sharuɗɗan so ya auna jaruminsa. Masu jihadi sun kafa sharuɗɗan mulki na adalci suka auna magoya bayansu. Gatse yana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin ma'aunin da abin da aka auna.

Na biyu, gatsen da ya fi nauyi shi ne wanda aka yi wa na gida. Yi wa Yunfa dariya ko yi wa Usen ba'a abu ne mai sauƙi, domin babu mai kare su a cikin masu sauraro. Nuna aibin wanda ake tare da shi a sahu ɗaya, ko na jarumin da aka gama yabo, shi ne ke buƙatar dabara da ƙarfin zuciya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kowa nasa yake takawa ya hango na wani. Waɗannan mawaƙa sun waiwayi tudun da suke tsaye a kai.

6.0 Koyar da Gatse a Aji

Malamin da zai koyar da wannan darasi a makarantar firamare ko ƙaramar sakandare zai amfana da matakai kamar haka:

(a) Ya fara da gatsen da yara suka sani a gida da kasuwa, ya sa su faɗi furucin da muryar da ta dace, domin a baka murya ce alamar gatse. Daga nan ya rubuta furucin a allo ya tambaye su abin da ya ɓace.

(b) Ya ba da tarihin waƙa kafin a karanta ta: wa ya yi ta, a wace shekara, da wa yake, me ya faru kafin nan. Waƙar barin runduna ba ta fahimtuwa ga wanda bai san Kwatto ba.

(c) Ya koya wa ɗalibai neman rashin jituwa, wato yabon da ya fi ƙarfin wanda ake yabo, ko abu a wurin da ba nasa ba, ko aikin da ya saɓa wa maganar da ta gabace shi.

(d) Ya nemi hujja daga cikin waƙar kafin ya amince cewa wuri kaza gatse ne. Kamar yadda rashin ganin gatse kuskure ne, haka ma ganinsa a ko'ina, musamman a waƙoƙin wa'azi da madahu, inda mafi yawan magana a kan zahirinta take.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa gatse ya wuce abin ban dariya. Hanya ce ta sa mai karatu ya yanke hukunci da kansa, kuma hukuncin da mutum ya yanke da kansa ya fi zama a zuciya bisa ga wanda aka yanke masa. An ga yadda Malam Abdullahi ya yi amfani da hoton doki, da yadda Tabban Haƙiƙa ta juya aikatau "ci", da yadda Rustabeli ya sa ceton gimbiya a hannun matar falke. A dukkan misalan, gano gatse ya dogara ne ga sanin abin da ya gabata, a cikin waƙar ko a tarihinta. Saboda haka aikin malami na farko shi ne ya ba ɗalibansa wannan sani kafin ya ce su buɗe waƙa.

Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin gatse da habaici da zambo, tare da misali biyu-biyu na ƙashin kanka.
2. Yi bayanin yadda matsayin doki ya sauya tsakanin waƙar Tabkin Kwatto da waƙar barin runduna.
3. Kawo ma'anoni biyar na aikatau "ci", sannan ka nuna yadda aka gina gatse a kansa a cikin Tabban Haƙiƙa.
4. Wane nau'in gatse ne ke cikin labarin rantsuwar Usen? Kafa hujja.
5. Tsara darasin minti 40 a kan gatse domin 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.